Writer ya ƙi buɗewa daga menu: kafin a goge kwamfuta, a fara jin ta bakinsa

Tambaya: Ina da shagon buga takardu, kuma kwamfutar tebur nake aiki da ita, mai tsarin Linux Mint 21 da LibreOffice ɗin da ya zo tare da ita, wanda Writer ne ɓangarensa na buga rubutu. Shekaranjiya aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Tun daga lokacin, idan na danna Writer a menu sai alamar linzami ta ɗan yi juyi, daga nan shiru, babu taga kuma babu saƙo. Na danna takarda sau biyu, ita ma shiru. Na cire Writer na sake ɗora shi har sau biyu ta Software Manager, data kawai na ƙona. Wani ya ce in goge kwamfutar gaba ɗaya in sake ɗora tsarin. Shin mafitar ke nan?

Amsa: Malam, kada ka goge komai tukuna. Cikin kwamfutocin da aka sha kawo mini da irin wannan ciwo, ban tuna ko ɗaya da sai an goge ta sannan ta warke ba, kuma shawarar da aka ba ka tamkar a rushe ɗaki ne saboda makulli ya ƙi juyawa. Abin da ya sa ka rasa bakin zaren shi ne menu ba ya nuna saƙon kuskure. Manhajar da ta mutu wajen tashi kusan kullum takan faɗi abin da ya kashe ta kafin ta cika, sai dai tana faɗa ne a wurin da ba ka kallo. Aikinmu na farko shi ne mu je wurin mu saurara.

Ya kamata ka san abin da ke faruwa tsakanin dannawarka da fitowar taga, domin duk gyaran ya rataya ne a kansa. Tambarin Writer da kake gani a menu ba shi ne manhajar ba. Wani ɗan ƙaramin fayil ne na rubutu zalla, sunansa libreoffice-writer.desktop, yana zaune a /usr/share/applications, kuma abin da ke cikinsa bai wuce suna da hoto da nau'o'in takardun da yake buɗewa ba, sai layi ɗaya mai muhimmanci da ke farawa da kalmar Exec, wanda ke ɗauke da umarnin da za a aiwatar idan an danna. Wannan umarni yana kiran wani ɗan rubutaccen shiri mai suna soffice a cikin /usr/lib/libreoffice/program, shi kuma ya kira oosplash, wanda shi ne ke nuna hoton nan mai tambarin LibreOffice da ɗan layin da ke cika, sannan oosplash ya tayar da soffice.bin, wanda shi ne ainihin manhajar. Shi soffice.bin sai ya karanta foldar saitunanka, ya nemi teburin kwamfutar ya zana masa taga, sannan ka ga farar takarda. Sunan soffice gado ne daga StarOffice, manhajar wani kamfanin Jamus da Sun Microsystems ya saya a 1999, wadda daga cikinta OpenOffice.org ya fito, daga shi kuma LibreOffice ya ɓalle a 2010. Shi ya sa tunanin da zan bi a nan kusan haka yake ga mai amfani da OpenOffice, ko da wasu sunaye da umarnai sun bambanta.

Ka ga ke nan saƙo ne da ke bin hannu huɗu ko biyar, kuma a kowane hannu yana iya faɗuwa. Danna takarda sau biyu da ka yi bai bambance mana komai ba, domin tsarin yana duba nau'in takardar ne ya koma ga wancan fayil na menu ɗin dai, ya aiwatar da layin Exec ɗinsa. Hanya ɗaya ce mai ƙofa biyu. Abin da zai bambance mana shi ne hoton tambarin nan na farko. Idan yana fitowa ya ɓace, to menu ya sauke nauyinsa, matsalar tana gaba. Idan ko shi ba ya fitowa, tana iya kasancewa ko'ina.

Ka danna Ctrl da Alt da T tare, tagar Terminal, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, za ta buɗe. Ka rubuta wannan ka danna Enter:

libreoffice --writer

Abu uku ne zai iya faruwa. Ko dai Writer ya buɗe lafiya lau, ko wani rubutu ya fito a tagar sannan komai ya tsaya, ko kuma babu rubutu babu taga. Kowanne yana nuna wuri dabam, kuma zan fara da na ƙarshen domin shi ne mafi sauƙin kawarwa.

LibreOffice ba ya yarda ya tashi sau biyu a kan saitunan mutum ɗaya. Idan ka danna Calc, ɓangarensa na jadawalin lissafi, alhali Writer yana buɗe, ba sabuwar manhaja ce ke tashi ba. Sabon kiran yana lalubar wani ɗan fayil na sadarwa da ke cikin /tmp, wanda sunansa ke farawa da OSL_PIPE, ya miƙa wa soffice.bin ɗin da ke raye buƙatarka, shi kuma ya janye. Wannan dabara ce mai kyau muddin na farkon yana cikin hayyacinsa. Amma idan ya sandare a bayan fage ba tare da taga ba, duk dannawar da za ka yi shi ake miƙa wa, shi kuma ba ya amsawa, sai ka yi ta dannawa kana zuba ruwa a kwando. Haka nan yake faruwa idan wani shiri na mayar da takardu zuwa PDF ya tayar da LibreOffice a yanayin da ba ya nuna taga, wanda ake kira da --headless, ya bar shi yana gudana. Ka rubuta pgrep -a soffice, kuma idan layi ya fito alhali babu tagar LibreOffice ko ɗaya a allonka, ka rubuta pkill soffice.bin, ka ɗan jira, ka sake dubawa. Idan ya ƙi mutuwa sai ka ƙara -9 bayan kalmar pkill. A taka matsalar ban sa rai sosai a nan ba, tun da ɗaukewar wuta ta riga ta kashe duk abin da ke gudana. Sai dai yana yiwuwa dannawarka ta farko bayan dawowar wutar ce ta tayar da shi ya maƙale, saboda haka kada ka tsallake wannan dubawa, musamman da yake gwaje-gwajen da ke gaba ba za su ba da amsa ta gaskiya ba idan akwai sandararren soffice.bin a bayan fage.

Inda zatona ya fi ƙarfi shi ne foldar saituna. LibreOffice yana ajiye duk abin da ya shafe ka kai kaɗai a ~/.config/libreoffice/4/user, wato a cikin foldarka ta gida, a ɓoye. Za ka gan ta a manhajar fayiloli idan ka danna Ctrl da H. Lambar 4 ɗin nan kada ta ruɗe ka, tun siga ta 4.0 da ta fito a 2013 aka sa ta ba a kuma canja ba, don haka sigar 7.3 da ke zuwa da Mint 21 ita ma nan take zuwa. A ciki akwai fayil mai suna registrymodifications.xcu, inda ake rubuta kowane zaɓi da ka taɓa canjawa, da jerin takardun da ka buɗe kwanan nan, da wurin da kowace taga ta tsaya, da kuma bayanin takardun da za a yi ƙoƙarin farfaɗowa bayan mutuwar bazata. Akwai kuma foldojin ƙarin kayan da aka ɗora wa manhajar. Wannan wuri ne da ake yawan rubutu a cikinsa yayin da kake aiki, saboda haka idan wuta ta yanke ba shiri, shi ne ya fi kusa da lalacewa, kuma manhajar da ta fara da karanta gurɓataccen bayani tana iya faɗuwa tun kafin ta zana taga.

A nan ne amsar abin da ya ɗaure maka kai take, wato dalilin da ya sa cirewa da sake ɗorawa bai yi amfani ba. Mai kula da ƙunshin manhajoji na tsarin ba ya taɓa foldar gidan mutum ko kaɗan, kuma da gangan aka yi haka, don kada sabuntawa ta share wa mutane saitunansu. Ka cire Writer sau goma, ka ɗora sau goma, sabon da ya zo zai je ya karanta tsohuwar foldar nan ce, ya yi tuntuɓe da dutsen da na baya ya yi tuntuɓe da shi.

Akwai hanyar gwada wannan zato ba tare da an taɓa komai naka ba. Ka rubuta:

libreoffice -env:UserInstallation=file:///tmp/gwaji --writer

Ka lura da cewa alamar - da ke zuwa kafin env guda ɗaya ce, kuma karkatattun layukan da ke bin kalmar file guda uku ne. Wannan umarni yana ce wa manhajar ta manta da saitunanka, ta ƙirƙiri sababbi a wata folda ta wucin gadi. Tashin farko zai ɗan ɗauki lokaci fiye da yadda ka saba, domin takan gina foldar sannan ta sake tayar da kanta, don haka ka ba ta kamar minti guda a tsohuwar kwamfuta. Idan Writer ya buɗe a haka, an gama bincike: manhajar lafiyarta ƙalau, menu ma lafiyarsa ƙalau, saitunan ne suka gurɓace.

Gyaran yana da hanya biyu. Ta farko ita ce libreoffice --safe-mode, yanayin kariya da aka shigo da shi a siga ta 5.3 a 2017. Zai buɗe wata taga mai zaɓuɓɓuka, daga ciki akwai mayar da saituna zuwa yadda suke a lokacin ƙarshe da suka yi aiki, da kashe ƙarin kayan da ka ɗora, da mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta. Ka fara da na farkon, domin shi ne ba ya jawo asara. Hanya ta biyu, wadda ni na fi so saboda ina ganin abin da hannuna ke yi, ita ce a rufe LibreOffice gaba ɗaya a canja wa foldar suna:

mv ~/.config/libreoffice/4/user ~/.config/libreoffice/4/user-tsoho

Da ka sake danna Writer zai ga babu foldar, ya gina sabuwa. Na ce a canja suna, ban ce a goge ba, kuma a kan wannan nake so ka tsaya da kyau, domin mai shagon buga takardu yana da dukiya a foldar nan da bai san yana da ita ba. A cikin wordbook akwai fayil mai suna standard.dic, inda duk kalmar da ka taɓa cewa a ƙara a ƙamus take, wato sunayen mutane da na garuruwa da kalmomin Hausa da ka gaji da ganin jan layi a ƙarƙashinsu. A cikin autocorr akwai sauye-sauyen da ka koya wa manhajar ta riƙa yi da kanta. Na san masu buga rubutun Hausa da dama da nan suka saita yadda za su samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da neman su a jadawalin haruffa ba, aikin da ya ci musu yini guda. A cikin template akwai samfuran takardu, a cikin autotext akwai jimlolin da ka ajiye don kira da gajeren suna, a cikin basic akwai ƙananan shirye-shiryen da wani ya rubuta maka. Mafi muhimmanci a halin da kake ciki ita ce foldar backup, domin idan akwai kwafin takardar da kake bugawa lokacin da wutar ta yanke, can ne wuri na farko da za a neme shi. Bayan sabuwar folda ta yi aiki, sai ka rufe manhajar ka riƙa kwafo waɗannan daga user-tsoho zuwa user ɗaya bayan ɗaya, kana buɗe Writer bayan kowace kwafa. Kada ka kwafo registrymodifications.xcu, kada kuma ka kwafo extensions da uno_packages, domin a cikinsu ne ciwon ya fi ɓuya.

Za ka ji wasu suna cewa a goge fayil mai suna .lock da ke cikin ~/.config/libreoffice/4, wai shi ne ke hana tashi bayan ɗaukewar wuta. Goge shi ba ya cutarwa idan manhajar ba ta gudana, amma a ganina ana ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa. LibreOffice yana duba sunan kwamfuta da sunan mai amfani da ke rubuce a cikinsa, kuma idan naka ne yakan ɗauke shi a matsayin tsohon makulli ya wuce. Inda yake kawo cikas shi ne idan an canja wa kwamfutar suna ko an ɗauko faifan daga wata, kuma ko a nan ma taga yake nunawa mai tambaya, ba shiru yake yi ba.

Wata matsalar da ke kama da wannan ita ce ta mallaka. Idan wani ya taɓa kwafo maka fayiloli da ikon shugaban tsarin, ko ya buɗe foldarka da wannan iko ya yi gyare-gyare, fayilolin sukan koma mallakar root, wato asusun shugaban tsarin, kai kuma ka rasa izinin rubutu a cikin foldarka. A nan saƙon da kan fito shi ne "User installation could not be completed". Umarnin find ~/.config/libreoffice ! -user $USER zai jero duk fayil ɗin da ba naka ba. Idan bai fitar da komai ba, babu wannan matsala, idan kuma ya fitar, sudo chown -R $USER: ~/.config/libreoffice zai dawo maka da su.

A kan wannan akwai abin da na gani da idona. An taɓa kirana ofishin wata makaranta inda Writer ya ƙi buɗewa, wani saurayi ya gano cewa idan aka sa sudo, kalmar da ke aiwatar da umarni da ikon root, a gaban umarnin yana buɗewa, sai ya rubuta musu layin a takarda ya manna a gefen allo da salatif. Watanni suna aiki a haka. Ranar da na je, akawun ya nuna mini foldar sakamakon jarrabawa, kusan kowane fayil da ɗan hoton kwaɗo a kusurwarsa, ba ya iya gyara ko ɗaya sai ta baƙar tagar Terminal, domin duk takardar da aka ƙirƙira a watannin nan ta zama ta root. Abin da saurayin bai gane ba shi ne sudo bai gyara komai ba: tun daga tsarin Ubuntu 19.10, wanda Mint 21 ya gaji halinsa, sudo yana kai manhaja gidan root ne, can kuma akwai saituna sababbi da ba su lalace ba. Buɗewar da ya gani shaida ce cewa foldar saitunan akawun ce ta gurɓace, gyaran da bai kai minti biyar ba. Idan wani ya ba ka wannan dabara, ka ɗauke ta a matsayin alama, kada ka mayar da ita hanyar aiki.

Kafin mu bar wannan ɓangare, ka rubuta df -h ka dubi layin da ke ƙarewa da karkataccen layi guda, da na /home idan yana da nasa. Idan ka ga 100%, faifan ya cika, kuma manhajar da ba ta samu wurin rubuta ko ɗan fayil na wucin gadi ba ba za ta tashi ba. A shagunan da ake tura wa mutane bidiyo a waya wannan ba baƙon abu ba ne.

Yanzu sai hali na biyu, inda rubutu ya fito a Terminal. Ba kowane rubutu ne ke nufin matsala ba. Layin da ke ambaton javaldx da rashin samun Java gargaɗi ne kawai, Writer da Calc suna tashi ba tare da Java ba, kuma mutane da yawa sun ɓata data wajen sauko da shi a banza. Gargaɗin da ke farawa da Gtk-WARNING shi ma galibi hayaniya ce. Wanda za ka tsaya a kansa shi ne mai cewa "error while loading shared libraries" tare da sunan wani fayil mai .so a ciki, ko "symbol lookup error", ko "Segmentation fault" ko da an gwada da sababbin saituna. Biyun farko suna nufin wani yanki na manhajar ya ɓata, ko kuma yankunan ba na siga ɗaya ba ne. Wannan yana da alaƙa da labarinka idan wutar ta yanke ne lokacin da tsarin ke sabunta kansa, domin LibreOffice a Mint ba ƙunshi ɗaya ba ne, ƙunsa ne masu yawa: libreoffice-core, libreoffice-common, libreoffice-writer, libreoffice-calc da sauransu. Cire Writer ta Software Manager yana taɓa na Writer ne kawai, ya bar core da common, waɗanda su ne gangar jikin, yadda suke. Ka bi da waɗannan bi da bi:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt --fix-broken install

sudo apt install --reinstall libreoffice-core libreoffice-common libreoffice-writer

Na farkon yana kammala duk ɗorawar da aka katse a tsakiya, na biyu yana cike abin da ya rage, na ukun kuma yana sake shimfiɗa fayilolin gangar jikin. Kafin ya sauko da komai apt, wato mai kula da ƙunshin manhajoji, zai gaya maka nauyin abin, sai ka auna da datarka.

Idan kuwa faɗuwar tana zuwa ne daidai lokacin zana taga, akwai gwaji guda mai sauƙi. LibreOffice yana da sassa dabam-dabam da yake amfani da su wajen yin kama da teburin da yake kai, wato fuskar tsarin da kake gani a allo: gtk3 ga teburorin Cinnamon da GNOME, kf5 ko kf6 ga teburin KDE, sai kuma wani na asali mara ado mai suna gen. Ka rubuta SAL_USE_VCLPLUGIN=gen libreoffice --writer a layi ɗaya. Idan ya buɗe, da kamanni irin na tsofaffin kwamfutoci, to laifin yana ga ƙunshin libreoffice-gtk3 ko ga jigon ado da aka sa wa teburin, sai a sake ɗora ƙunshin ko a koma jigon da tsarin ya zo da shi.

Saura hali na farko, inda Writer ya buɗe daga Terminal amma ya ƙi daga menu. A nan ne kawai laifin yake ga menu da gaske. Ka rubuta gtk-launch libreoffice-writer, wanda ke aiwatar da fayil ɗin menu kamar yadda dannawa ke yi, amma ya bar saƙon kuskure ya zubo a gabanka. Haka kuma a Mint abin da manhajojin da aka tayar daga menu suka faɗa yakan taru a ~/.xsession-errors, kuma tail -n 30 ~/.xsession-errors zai nuna maka layuka talatin na ƙarshe, jim kaɗan bayan dannawa.

Abin da na fi samu a irin wannan hali shi ne kwafi na biyu na fayil ɗin menu. Duk lokacin da wani ya gyara tambari ta manhajar gyaran menu, ba a taɓa na asali, sai dai a ajiye kwafi a ~/.local/share/applications, kuma ƙa'idar da teburorin Linux suka amince da ita a ƙarƙashin freedesktop.org ta ce na foldar gida shi ke rinjayar na tsarin idan sunansu ɗaya. Wannan kwafi ma, da yake a gida yake, sake ɗorawa ba ya taɓa shi. Ka rubuta ls ~/.local/share/applications, kuma idan ka ga wani mai libreoffice a sunansa, ka matsar da shi zuwa wata folda, ka fita daga asusunka ka sake shiga. Idan kana son sanin abin da ya same shi, ka karanta layin Exec ɗinsa. GNOME da Cinnamon galibi sukan ɓoye tambarin gaba ɗaya idan kalmar farko ta umarnin ba ta nan a kwamfutar, KDE da Xfce kuma sukan nuna shi su yi ƙorafi idan an danna. Saboda haka tambarin da ke nan a Cinnamon yana kuma yin shiru, yawanci kalmarsa ta farko tana nan, abin da ke bayanta ne ya karye. Sau da yawa dalilin shi ne mai gyaran ya ɗauka layin Exec kamar Terminal yake. Ba haka ba ne: ba ya fassara alamar ~ ko $HOME, hanyar da ke da tazara a sunanta sai an sa ta cikin alamun zance, kuma idan ana so a sa saiti irin na gen ɗin can sai an fara da kalmar env, kamar haka: Exec=env SAL_USE_VCLPLUGIN=gen libreoffice --writer %U. Bugu da ƙari, Terminal yana karanta fayil ɗin saitunansa, ~/.bashrc, duk lokacin da aka buɗe shi, menu kuwa ba ya karantawa, don haka duk abin da aka saita a can Terminal kaɗai ya san da shi. Umarnin desktop-file-validate tare da sunan fayil ɗin zai nuna kurakuran rubutu idan akwai.

Sai batun LibreOffice fiye da ɗaya a kwamfuta guda, wanda nake jin tsoron sake ɗorawarka ta jawo. Software Manager na Mint yana nuna manhaja ta hanya biyu, ƙunshin tsarin da kuma Flatpak, wata hanyar ɗora manhaja ta dabam, kuma mai gaggawa yana iya cire ɗaya ya ɗora ɗayan bai lura ba. Na Flatpak sunansa org.libreoffice.LibreOffice, nauyinsa ya fi na tsarin nesa ba kusa ba, kuma saitunansa suna ~/.var/app/org.libreoffice.LibreOffice ne, ba inda na ambata a sama ba. Akwai kuma wanda ake saukowa daga shafin The Document Foundation, ƙungiyar da ke kula da LibreOffice, wanda ke zama a /opt da lambar sigarsa a jikin suna, kamar libreoffice7.6, ko libreoffice24.2 tun da aka koma lissafin shekara da wata a 2024. Idan ka ga tambarin Writer biyu a menu, ka rubuta flatpak list da ls /opt ka ga abin da ke nan, domin babu amfanin gyara saitunan wannan alhali wancan kake dannawa. Shawarata ga shago ita ce a tsaya a kan na tsarin shi kaɗai, a cire sauran.

Idan kana da wata kwamfutar mai Windows a shagon, tunanin bai canja ba, sunaye ne suka canja. Sandararren soffice.bin ana kashe shi a Task Manager, saitunan suna %APPDATA%\LibreOffice\4\user, kuma hanyar da tambari ke bi tana cikin Properties ɗinsa. Microsoft Word ma yana da nasa yanayin kariya, wanda ake shiga da winword /safe ko ta riƙe Ctrl yayin danna tambarin.

Da a gabana kwamfutarka take, da pgrep zan fara, sannan gwajin /tmp/gwaji, kuma ina kyautata zaton a nan za mu tsaya. Idan duka biyun ba su nuna komai ba, ka kwafo mini rubutun da ya fito bayan libreoffice --writer harafi da harafi, ko ka ɗauki hotonsa da waya yadda zai karantu, tare da abin da dpkg --audit da df -h suka fitar. Kafin nan, ka kwafe foldar backup ɗin can zuwa filas, domin takardar shekaranjiya tana iya kasancewa a ciki.